Yadda Aka Yi wa Maƙerar Gidanmu Hatimi

Bahaushe mutum ne mai son a san mai abu. Manomi yakan dasa gamba a kan iyakar gonarsa, mai kiwo yakan tsaga kunnen akuyarsa, wanzami yakan yi wa jariri tsagar gidansu, sarki kuma ba ya aika takarda sai an buga mata hatimi. Mu da muke nazarin rubutattun waƙoƙi mun san yadda marubuci yakan saka sunansa da na garinsu a baitocin ƙarshe, wani ma har ya ƙara da ramzin shekarar da ya gama. Amma in mutum ya ɗauki tsohuwar munduwar azurfa ta kakarsa, ya juya ta ciki da bai, da wuya ya ga abin da zai gaya masa wanda ya ƙera ta. Alhali kuwa ruwayar baka ta nuna shi kansa birnin Kano sunan wani maƙeri ya ci, wanda ya taso daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama. A wannan ɗan rubutu ina so in bayyana yadda aka yi maƙerar gidanmu ta sami hatimi, da abin da na fahimta game da nauyin da ke kan mai sana'ar da ya yarda ya buga shaidarsa a jikin aikinsa.

Tun da yake nazarin harshe ne ya tara mu, ya kamata in ɗan tsaya a kan kalmar. Muna da alama, muna da shaida, muna da lamba. Muna da tambari, wanda asalinsa ganga ce ta sarauta, yanzu kuma ake kiran alamar kamfani da shi. Muna da kan sarki, wanda ya sami sunansa daga hoton sarkin Ingila da ke jikin 'yar takardar gidan waya. Shi kuwa hatimi daga Larabci muka aro shi, kuma a can kalmar tana nufin zobe, tana kuma nufin abin da ake buga wa takarda, domin a yatsa mutanen da suke sa hatiminsu. Ya tabbata a hadisi cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wa sarakunan duniya wasiƙu, an gaya masa ba sa karɓar takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka yi masa zobe na azurfa aka zana sunansa a kai. Zoben nan ya zauna a hannun Abubakar da Umar da Usman, Allah Ya yarda da su. Ashe ke nan tun fil azal maƙerin azurfa ke yi wa mutane hatimi. Kansa ne dai bai yi wa ba, ko da yake an ce wanzami ba ya son jarfa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ɗambatta, ba nisa da hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura. Wanda ya san wannan yanki ya san ba a barin gona ta huta. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, ba abin da ya rage na daji sai gawo da kuka da tsamiya da aka bari a tsakiyar gonaki. Taki ne ke riƙe da ƙasar, ana kai shi da jakai da amalanke tun da rani. Kowane rabon gado kuma sai gona ta ƙara tsukewa, har ta kai gero da dawa da waken da magidanci zai noma ba za su kai shi wata damina ba. Saboda haka a wajenmu sana'ar rani ita ce rabin abinci. Wasu su tafi cin rani, wasu su yi saƙa ko jima ko dukanci, mu kuwa gidanmu ƙira muka gada. Maƙera iri biyu ne: maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da lauje da gatari, da kuma maƙeran fari, masu zobe da munduwa da awarwaro da sarƙa da 'yan kunne. Mu na fari ne, kuma Baffana, yayan mahaifina, shi ke riƙe da maƙerar tun rasuwar kakanmu.

A zamanin kakanmu babu wanda ya taɓa tunanin hatimi, domin babu bukatarsa. Mai saye ya san maƙeri, ya san ubansa, ya san inda yake salla. Sau da yawa ma shi ke zuwa da azurfarsa. Akwai liyari, watau kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wanda ko yaushe aka buga shi shekarar 1780 ce a jikinsa, nauyinsa wajen giram 28. Akwai kuma sulallan farko na Turawa, waɗanda aka fara bugawa a 1913 da azurfa mai kyau, kafin a fara sauya su da na tagulla daga 1920. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shigo karkara, da yawansu kuwa a kaskon maƙeri suka ƙare. Mace ta kawo sulallanta, a auna a gabanta, a narkar, a ƙera mata munduwa, a sake aunawa. Munduwar nan ado ce, kuma asusu ce. Tsofaffinmu har yanzu suna ba da labarin yadda mata suka tuɓe mundayensu aka sayi hatsi a farin 1973, da kuma shekarar 1975 da cuta ta cinye gyaɗa. Wanda ya ha'inci mace a azurfarta, to abincin 'ya'yanta na ranar wuya ya ɗauka, kuma ba shi da inda zai ɓuya a ƙauyen da kowa ya san kowa.

Yau al'amarin ya sake. Kasuwanni sun cika da kayan ado na waje masu ƙyalli da araha, waɗanda aka yi da baƙin ƙarfe ko tagulla aka shafa musu ruwan azurfa. Masu kawo azurfarsu a ƙera musu sun yi ƙaranci. Baffa yakan sayi tsofaffin kaya ya narkar, ya yi zobba da mundaye, dillalai su kai Kasuwar Kurmi, ɗansa kuma ya ɗauki hotonsu da waya ya aika wa masu saye a Kaduna da Abuja da Legas. Watau aikinsa ya riga ya yi nisan da fuskarsa ba ta kai ba.

Ana cikin haka, da ranin da ya wuce, wata dattijuwa daga wani ƙauye na kusa ta yi sallama a maƙera, ta kwance bakin zanenta ta ajiye awarwaro biyu a gaban Baffa. Sun yi baƙi-baƙi, sun kuma bar mata kore a hannun jikarta. Ta ce ta sayar da tunkiyarta ta saya wa yarinyar don biki, kuma wadda ta sayar mata ta rantse aikinsa ne. Ta ce, "Malam, da kai da mahaifinka ba mu san ku da haka ba." Baffa ya ɗauki ɗaya ya goga a dutse, sai ga jan ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashi. Ya ce, "Iya, wallahi wannan bai taɓa shiga wutata ba." Ta dube shi ta ce, "To, da me zan gane?" Ya rasa amsar da zai ba ta. Zanen da ke jikin awarwaron irin nasa ne sak, domin an kwaikwaya. Kama da wane ba ta wane, amma wa zai raba? Ya karɓi na jabun, ya ba ta wasu na gaskiya, ya ɗauki asarar, don dai kada sunan gidan ya shiga bakin duniya. Kafin kasuwar Ɗambatta ta sake ci, labari ya riga ya zaga.

A daren nan na kawo masa shawarar hatimi. Da farko bai karɓa ba. Ya ce, "Kai ɗana, hannuna shi ne hatimina. Duk maƙerin da ya ga aikina zai gane shi ko cikin dubu." Na ce, "Gaskiya ne Baffa, maƙeri zai gane, amma ba maƙera ke saye ba." Sai ya kawo hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Ya ce mutum ya riƙa buga sunansa a kan abin da ya yi, wannan ya yi kama da alfahari, kuma baiwar ta Allah ce. Na gaya masa abin da na karanta game da ƙasar Ingila, inda aka daɗe da wannan al'ada. A shekarar 1300 Sarki Edward na Farko ya kafa doka cewa kada a sayar da kayan azurfa sai sun kai ma'aunin kuɗin ƙasar, watau kashi 925 cikin dubu, a kuma buga musu alamar kan damisa. A 1363 aka ƙara da cewa kowane maƙeri ya mallaki tasa alamar ya riƙa bugawa. Ba don a yabe shi aka yi dokar ba, an yi ta ne domin in aka kama aiki da algus a san wuyan wanda za a kama. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Af, ashe jingina ce. Mutum ya ba da sunansa jingina." Ya ƙara da cewa ya taɓa ganin kayan maƙeran Agadas a Kurmi, da ɗan rubutun Buzaye a bayansu, bai dai taɓa tambayar dalili ba. Daga nan ya yarda.

To, sai me za a rubuta? A nan ne na ga yadda al'ada da addini suke shiga har cikin abin da bai kai ƙwayar dawa girma ba. Sunan Baffa yana ɗauke da sunan Allah, malamai kuwa sun ƙi a shiga bayan gida da irin wannan rubutu, ga shi mace ba ta tuɓe munduwa duk inda za ta. Bayan haka ga alkunya. Matar da ba ta iya faɗin sunan mijinta ko na surukinta ko na ɗanta na fari, yaya za ta ji in ta ga sunan nan a wuyan hannunta dare da rana? Ɗansa ya so a sa haruffan boko, wai don mutanen Legas su iya karantawa. Baffa ya ce shi ba zai buga abin da ba ya iya karantawa da kansa ba. Gwaggonmu ce ta raba gardamar. Ta tuna mana cewa kakanmu, in ya gama munduwa, yakan yi ɗigo uku a kusa da bakinta, kamar duwatsun murhu, kuma tsofaffin mata sun san wannan. Baffa kansa yana yi, bai dai ɗauke shi a bakin komai ba sai ado. Sai aka tsaya a kan harafin mim na ajami, watau farkon kalmar maƙeri, da ɗigo uku a ƙarƙashinsa. Da haka hatimin ya zama na gida, ya haɗa wanda ya rasu da mai rai da wanda zai gada.

Samun wanda zai yi shi ma wani aiki ne. Masu yin hatimi a birni suna da yawa, amma na roba suke yi, irin na ofis da makaranta, wanda ake dangwalawa a tawada. Mu kuwa abin da muke nema ɗan sandan ƙarfe ne mai tauri, kamar tsawon yatsa, wanda za a ɗora a kan azurfa a buga da guduma ya bar gurbi. Maƙerin fari ba ya aikin irin wannan ƙarfe, saboda haka muka fara da maƙwabcinmu maƙerin baƙi. Ya ɗauko wani tsohon magagari da ya daina ci, ya ce babu ƙarfen da ya fi shi dacewa. Ya sa shi a gawayin ƙirya, yaro na zuga, har ya yi ja, ya buge shi a uwar maƙera ya tsirantar da bakinsa. Sa'an nan ya sake gasa shi ya binne a toka mai zafi ya kwana, domin ƙarfen da ya huce a hankali yakan yi laushi har a iya sassaƙa shi. Da safe ya goge bakin ya yi sumul, faɗinsa bai wuce milimita uku ba.

Muka ɗauki ƙarfen muka shiga birni wurin wani saurayi mai zane a jikin ƙarfe. Baffa ya so a kewaye harafin da dagi. Saurayin ya ce, "Baba, wurin nan ba zai ɗauki dagi ba. In zane ya yi yawa a ɗan wuri, da an buga sai ya cakuɗe ya zama tabo." Ya kuma bayyana mana cewa dole a sassaƙa harafin a juye, kamar yadda ake ganinsa a madubi, domin in an buga ya fito daidai. Ɗigo uku ba ruwansu da juyi, amma mim in ba a juya shi ba sai ya fito yana kallon inda bai kamata ba. Ya zana a takarda, ya ɗaga ta a hasken rana ya duba ta baya, ya kwafa. Ya yini yana cire ƙarfen da ke kewaye da harafin da 'yan ƙananan kurfi da magagari, har harafin ya tsaya shi kaɗai a tsaye. Kowane lokaci sai ya danna shi a dalma ya miƙa wa Baffa ya duba. Sai a karo na huɗu Baffa ya ce, "Madalla, samari, yanzu mim ya buɗe ido."

Muka komo gida wurin maƙerin baƙi don ya mayar wa ƙarfen taurinsa. Ya gasa bakin har ya yi ja, ya tsoma shi a mai nan take. Ya ce a haka ya yi tauri amma yana da gautsi, bugu ɗaya zai iya fashewa. Sai ya goge shi ya yi fari, ya riƙa ɗumama shi daga gindi a hankali, yana kallon launi na tafiya, da bakin ya yi ruwan karan dawa sai ya sake tsomawa. Duka-duka abin da aka kashe bai wuce kuɗin kwano goma na gero ba. Bugawa ma sai da Baffa ya koya. Bugu ɗaya ake yi, mai ƙarfi, hatimin na tsaye sosai, domin in aka maimaita sai harafin ya zama biyu. Zobe kuwa tun yana miƙe ake buga masa, kafin a lanƙwasa shi a haɗa bakinsa da sinadari.

Akwai wani abu da ya faru a birni wanda ya fi komai tsaya mini a rai. Saurayin nan ya nuna mana wani hatimi da aka riga aka yi, mai lamba 925, ya ce da araha ake sayar da shi, kuma masu saye suna son ganinsa. Kowa ya san yadda mata ke duba 750 ko 875 ko 916 a jikin gwal na Dubai da Saudiyya, watau karat 18 da 21 da 22. Baffa ya tambayi ma'anar lambar, aka gaya masa. Sai ya ce ba ya so. Ya ce azurfar da yake narkarwa daga wurare dabam-dabam take. Liyari kansa kashi 833 ne cikin dubu, tsohuwar munduwa kuwa Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya mata. Shi da dutse yake gwaji, da kunne, da yadda ƙarfe ke narkewa a kasko. Wannan ya isa ya san azurfa ce ta kirki, amma bai isa ya rantse a kan lamba ba. A Ingila akwai ofishin gwaji na dabam, wanda tun 1478 yake aiki a zauren maƙeran London, shi ke gwadawa ya buga tasa shaidar kusa da ta maƙeri. A ƙauyenmu kuwa babu kowa tsakanin maƙeri da mai saye sai tsoron Allah. Da muka dawo na sake duba awarwaron jabun nan, sai ga 925 raɗau a cikinsu.

Hatimin bai zo da sauƙi kaɗai ba. Baffa ya yanke cewa azurfa kawai zai riƙa buga wa, kayan tagulla da na goran ruwa da yake yi wa masu ƙaramin ƙarfi kuwa su tafi haka nan. Wani dillali ya nemi a buga wa na goran ruwan ma, ya ce zai ƙara kuɗi, da aka ƙi sai ya ɗauke cinikinsa. Wani kuma bai so hatimin ba sam, don yana tsoron masu saye su gane hanyar maƙera su tsallake shi. Har ila yau duk abin da ya fita da mim da ɗigo uku, in ya karye ko ya ɓalle, Baffa ya ɗaukar wa kansa gyara kyauta. Yaran maƙera ba su da izinin taɓa hatimin. A aljihunsa yake kwana, kuma ba ya bugawa sai ya juya aiki ya duba da idonsa, wanda bai gamsar da shi ba ya koma kasko. Aikin ya ragu da sauri, ya ƙaru da kyau. Ya kuma san sarai cewa wanda ya kwaikwayi zane zai iya kwaikwayon hatimi. Abin da ya ce shi ne, aƙalla yanzu mai yin haka ya san sata yake yi, ba zai ce kama ce ta zo ɗaya ba, kuma mai saye yana da ƙofar da zai zo ya tambaya.

Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, hatimi yana bayyana ne a lokacin da sanayya ta gaza. Muddin mai yi da mai saye suna haɗuwa a masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya, fuska ta isa shaida. Da kaya suka fara tafiya inda ba a san mai su ba, sai ya zama dole wani abu ya bi su ya tsaya a madadinsa. Amma ɗan harafin nan ba shi da wata daraja ta kansa. Darajarsa tana ga mutumin da ke bayansa, wanda ya yarda a zo a same shi in an ga ba daidai ba, wanda kuma ya ƙi faɗin abin da bai tabbatar ba ko da faɗin zai kawo masa kasuwa. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, kuma duk bugu ɗaya na hatimi ɗaukar kaya ne.

Daga ƙarshe ina da kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Mun san sunayen marubuta waƙoƙi da makaɗa, muna rubuta kundaye a kansu, amma mafi yawan kayan ƙira da saƙa da dukanci da ke ajiye a gidajen tarihi ba a san hannun da ya yi su ba. Ɗigo ukun kakanmu da gwaggo ba ta tuna ba, da ya tafi ke nan. Ina kyautata zaton akwai irinsa a gidajen maƙera da masaƙa da magina tukwane da yawa, a Bichi da Kunci da Minjibir da sauran garuruwanmu, alamomin da ba a rubuta ba sai dai tsofaffi sun san su. Idan muka je hutu, mu zauna da su, mu tambayi sunan kowane kayan aiki da kowane zane, mu tambayi yadda suke gane aikin wane da na wane, mu rubuta tun masu sanin suna da rai. Malamanmu kuma muna roƙon su ƙarfafa mana gwiwa a kan irin wannan bincike. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu na gado, Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.